Yadda Aka Zana Mace da Yadda Aka Zana Mai Kallonta: Tarihin Anime na Jafan

A shekarar 1957 wata budurwa 'yar garin Sendai mai suna Reiko Okuyama ta ga tallar neman ma'aikata ta kamfanin Toei Doga da ke Tokyo. Ta ɗauka masu zanen littattafan yara ake nema. Sai da ta shiga ta tarar ashe katun za a yi, wato zane mai motsi, wanda duniya ta sani yau da sunan anime. Kamfanin bai daɗe da kafuwa ba, kuma burin masu shi su zama Disney na Gabas. A 1958 suka fitar da Hakujaden, dogon fim ɗin katun mai launi na farko a Jafan, da hannun Okuyama a cikinsa.

A wancan zamani aikin a rabe yake. Maza ke tsara labari, su ke zana manyan motsi, sunansu ke fitowa a sama. Mata kuwa akasari ana jera su ne a tebura, suna bin layin zane da tawada, suna shafa launi a bayan fallayen roba masu garai-garai, dubu bisa dubu, a kan albashin da bai kai na maza ba. Akan sa mace ta sa hannu a takardar alkawarin ajiye aiki da zarar ta haihu. Okuyama ta ƙi. Ta auri abokin aikinta Yoichi Kotabe, ta haihu, ta dawo teburinta, kamfanin ya matsa mata lamba, ita kuma ta jingina da ƙungiyar ƙwadago, wadda wasu samari biyu, Hayao Miyazaki da Isao Takahata, ke cikin jagororinta. Ta kai matsayin shugabar masu zane kafin ta bar Toei a 1976. Ba kowace ce ta yi irin wannan tsayuwa ba. Akemi Ota, ita ma gwanar zane ce a Toei, ta auri Miyazaki a 1965, daga baya ta ajiye alƙalami domin renon 'ya'ya, shi kuma ya wuce ya zama sunan da kowa ya sani.

Na fara da ɗakin aiki ne da gangan, domin masu muhawara a kan raina mata a anime sukan fara daga allo, daga gajeren siket da manyan idanu. Amma kafin raini ya hau allo, yana nan a takardar ɗaukar aiki. Kuma ba Toei kaɗai ba ce. Tun zamanin Sarki Meiji makarantun Jafan ke tarbiyyar 'ya mace a kan ta zama matar kirki kuma uwa mai hikima, ba wani abu ba. Kundin tsarin mulkin 1947 ya ce mace da namiji daidai suke a gaban doka, amma dokar daidaita su wajen ɗaukar aiki sai a 1985 aka kafa ta.

Ranar 1 ga Janairun 1963 Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a tashar Fuji, kowane mako. Ya karɓi aikin a kan kuɗin da ba za su biya wahalar ba, da nufin ya fanshe ta wajen sayar da kayan wasa da hotunan mannawa. Wannan ciniki shi ya zama gadon masana'antar. Tunda mai kayan wasa ke biya, shi ke faɗar wa za a yi wa shirin, kuma a wurinsa yara kashi biyu ne: maza masu sayen mutum-mutumi da bindiga, mata masu sayen madubi da sandar tsafi. Mujallun manga, wato labaran zane da ake ɗauko yawancin anime daga cikinsu, tuni suka rabu haka: shonen na yara maza, shojo na 'yan mata. Abin dariyar shi ne har zuwa tsakiyar shekarun 1960 yawancin masu zana wa 'yan matan maza ne. Tezuka da kansa ya zana Ribon no Kishi a 1953, labarin gimbiya Sapphire da ke shigar maza tana riƙe takobi domin doka ta hana mace gadon sarauta. Ya tashi a garin Takarazuka, inda ake da wata shahararriyar ƙungiyar wasan daɓe ta mata zalla, su ke fitowa a maza su ke fitowa a mata. Sai dai jarumtar Sapphire daga zuciyar namiji da aka sa mata bisa kuskure take fitowa, kuma labarin a aure ya ƙare.

Ɓangaren yara maza ya ɗauki wata hanya a 1968, lokacin da Go Nagai ya fara Harenchi Gakuen a sabuwar mujallar Shonen Jump. Makaranta ce ta malamai 'yan iska da ɗalibai masu ɗage wa 'yan mata siket. Ƙungiyoyin iyaye da malamai suka yi ca, mujallar kuwa ta yi ta sayuwa, masu buga ta suka gane inda kuɗi yake. A 1973 Nagai ya kawo Cutie Honey, jarumar da tufafinta ke tarwatsewa duk sanda za ta rikiɗa. Daga nan leƙen mace ya zama abin raha na yau da kullum. A Doraemon, shirin ƙananan yara ne fa, sau da yawa Nobita kan faɗo banɗaki Shizuka tana wanka. A Dragon Ball, tsohon malamin Goku ba ya ganin budurwa ya kyale ta. Za ta mare shi, hancinsa ya yi jini, a yi dariya a wuce. 'Yan masana'antar suna kiran irin wannan fitowa "sabis", wai kyautatawa ce ga mai kallo. Ba a tambayi ko wane ne mai kallon ba, an riga an yanke cewa namiji ne.

To, a daidai waɗannan shekaru ne mata suka ƙwace nasu fagen. Wasu matasan mata da aka haifa a wajajen 1949, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, tare da Riyoko Ikeda, suka karɓe mujallun shojo, suka shigo da tarihi da siyasa da mutuwa da tambayar mene ne ma zama mace. A 1972 Ikeda ta fara Furen Versailles, labarin Oscar, 'yar da mahaifinta ya rena a matsayin ɗa namiji har ta zama kwamandar dogaran fadar Faransa, sannan ta koma bayan talakawa a juyin juya halin 1789. Editocinta ba su yarda 'yan mata za su karanta tarihi ba. Suka karanta, har ya zama wasan daɓe a Takarazuka a 1974, ya zama anime a 1979.

Ranar 21 ga Disambar 1975 aka buɗe wata 'yar kasuwa a wani ɗakin taro a Tokyo, inda masu sha'awar zane ke sayar da littattafan da suka buga da kansu. Rumfuna 32 ne, mahalarta kamar 700. Sunanta Comiket, kuma mafi rinjayen waɗanda suka zo ranar 'yan mata ne 'yan makaranta, masoyan Hagio da Takemiya. Ita ce kasuwar da a ƙarshen 2019 ta tara mutum 750,000 a kwana huɗu. Haka ma Gundam na 1979, wanda yau ake ɗauka kayan maza ne tsantsa. An datse shi kafin ya kai ƙarshen da aka tsara saboda kayan wasansa ba su sayu ba, kuma daraktansa Yoshiyuki Tomino ya sha faɗa cewa 'yan mata ne suka fara riƙe shi kafin samari su zo da sayen mutum-mutumin roba.

Amma a gefen wannan kasuwa wani abu mai muni yana tsiro. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 aka samu yayin zana ƙananan yara mata cikin siffar sha'awa, abin da suke kira lolicon, har da mujallu na musamman. A ɗaya daga cikinsu, Manga Burikko, wani marubuci Akio Nakamori ya rubuta jerin maƙaloli a 1983 yana yi wa mahalarta Comiket ba'a. Ya ce ko ramammu ne ko masu teɓa, ba su iya sa kaya ba, ba su da abokai, ba sa iya tunkarar mace ta gaske. 'Yan matan ma bai bar su ba, ya kushe jikinsu da askinsu. Ya laƙaba musu suna otaku. Editan mujallar, Eiji Otsuka, ya dakatar da jerin, amma sunan ya riga ya kama.

Shekara shida bayan haka sunan ya zama abin tsoro. Tsakanin 1988 da 1989 wani matashi mai suna Tsutomu Miyazaki, wanda ba shi da wata dangantaka da Hayao Miyazaki mai fim, ya sace ya kashe yara mata huɗu 'yan shekara huɗu zuwa bakwai a Tokyo da Saitama. Aka kama shi a Yulin 1989. 'Yan jarida suka shiga ɗakinsa suka ɗauko hoton da ya zagaye ƙasar: kaset ɗin bidiyo fiye da 5,700 jibge har rufi, da mujallu a warwatse. Nan take aka ce ga sanadi. Daga baya marubuta irin su Otsuka suka yi ta jan hankali cewa kaso kaɗan ne na kaset ɗin ke da batsa ko zubar da jini, yawanci shirye-shiryen talabijin ne da ya naɗa, amma wa zai saurara? Wake ɗaya ya ɓata gari. Duk saurayin da ke da tarin kaset ya zama abin zargi a gidansu da unguwarsu. Aka tayar da yaƙi da "manga mai cutarwa", a 1991 'yan sanda suka kama masu shagunan littattafai a Tokyo, babban zauren Makuhari Messe ya ƙi karɓar Comiket. An rataye Tsutomu Miyazaki a 2008.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin da talabijin ke nuna Comiket a matsayin matattarar maza masu haɗari, mafi yawan masu rumfuna a cikinta mata ne. Suna can suna zana nasu labaran, da yawa na soyayya tsakanin jaruman Captain Tsubasa, shirin ƙwallon da Larabawa suka sani da Kaftin Majid. A ganina a nan ne aka yi wa matan anime rashin adalci na biyu. Na farko, an zana su a allo domin idon wani. Na biyu, da aka tashi zana hoton mai kallo, sai aka goge su daga ciki. Mai kare anime da mai sukarsa duk sun haɗu a kan cewa harkar ta maza ce, alhali matan suna zaune a ɗakin tun ranar farko.

Ƙasashen waje ma haka hoton ya isa gare su, ta hanya biyu mabambanta. A Ingila da Amurka, kamfanonin bidiyo na farkon shekarun 1990 sun zaɓo mafi tsananin batsa da jini, irin su Urotsukidoji, har jaridu suka ɗauka anime ke nan gaba ɗaya. A wasu wuraren kuwa tacaccensa ne ya zo. Waɗanda suka tashi da Voltron a talabijin ɗin Najeriya ba su san asalinsa GoLion ne na Toei, na 1981, wanda Amurkawa suka yanke wa wuraren kisa ba. Gidajen da ke kama Spacetoon ta tauraron ɗan Adam kuma fassarar Larabci suke gani, an tsawaita riga, an sauya dangantaka. Yaron da ke sauke Naruto a waya yau shi ne na farko a gidan da ke ganin abin yadda aka yi shi.

Shekarun 1990 sun zo da amsoshi daga cikin gida. Naoko Takeuchi ta ƙirƙiro Sailor Moon, ya hau talabijin a 1992, ya yi kashi 200: 'yan mata biyar ne ke ceton duniya, saurayin kuwa yakan jefo fure ya ba da ƙwarin gwiwa, sau da yawa ma shi ake cetowa. Har yau ana gardama a kan gajerun siket ɗinsu, kuma gardamar tana da tushe, amma miliyoyin 'yan mata sun ga kansu a tsakiyar labari, ba a gefensa ba. A 1997 Utena ta Kunihiko Ikuhara da Chiho Saito ta tuhumi tatsuniyar yarima mai ceto kanta, ta nuna yadda ake miƙa yarinya daga hannu zuwa hannu kamar kofin gasa. A shekarar dai Satoshi Kon ya yi Perfect Blue, labarin mawaƙiyar da wani masoyinta ke bibiya saboda ta bar siffar da yake so ya gan ta a ciki. Ban san wani fim da ya fi shi fallasa mai kallon da ke jin ya mallaki wadda yake kallo ba.

Sai dai kasuwa ta fi fim ƙarfi. Bayan nasarar Evangelion a 1995, anime da yawa suka koma tsakar dare, inda ba talla ke biya ba, faifan bidiyo masu tsada da 'yan tsana ne ke biya. Shirin da ya samu mutum dubu kaɗan masu sayen kowane faifai ya tsira. Saboda haka aka koma yi wa waɗannan dubban abin da suke so: yarinya mai kunya, mai ƙuruciya, wadda ba ta taɓa sanin kowa ba. Suna kiran wannan shauƙi moe. Inda abin ke kaiwa ya bayyana a 2008, da labarin Kannagi ya nuna alamar jarumarsa ta taɓa yin saurayi. Wasu masoya suka fusata, har da masu yayyaga littattafansu suna yaɗa hotunan. Zane ne fa, ba mutum ba, kuma mai zanen, Eri Takenashi, mace ce.

A waɗannan shekaru kuma aka wanke otaku namiji. Densha Otoko, labarin wani mai jin kunya da ya kare wata mata daga mashayi a jirgin ƙasa har suka daidaita, ya zama fim da wasan talabijin a 2005. Unguwar Akihabara ta zama wurin yawon buɗe ido, da shagunan shayi inda 'yan mata ke shigar kuyangi suna kiran mai saye "maigida". Gwamnati ta ga kuɗin waje, ta rungumi harkar a ƙarƙashin taken Cool Japan, Taro Aso mai alfahari da karatun manga ya zama firaminista a 2008. Matan kuwa suna can a wani layi na Ikebukuro, kuma sunan da ya bi su, wanda su ma suka ɗauka suna yi wa kansu dariya da shi, shi ne fujoshi, wato ruɓaɓɓun mata.

Daga 2010 rigimar ta koma majalisa da titi. Gwamnatin birnin Tokyo ta Shintaro Ishihara ta tsaurara dokar sayar wa yara zanen batsa, manyan kamfanonin buga littattafai suka ƙaurace wa bikin anime na birnin. A 2014 Jafan ta haramta mallakar hotunan batsa na yara, amma ta cire manga da anime daga dokar. A 2015 mata masu nutso a teku na garin Shima, waɗanda sana'arsu ta ɗaruruwan shekaru ce, suka yi ƙorafi a kan wata 'yar katun mai shekara 17 da aka zana da bayyanar jiki domin tallar garin, har hukuma ta janye amincewarta. A 2019 aka yi ta cacar baki a kan fostar neman gudummawar jini ta Red Cross mai ɗauke da wata 'yar katun mai suna Uzaki, wadda aka cika wa ƙirji. A Afrilun 2022 jaridar kasuwanci ta Nikkei ta ba da shafi guda cur ga tallar wani manga mai hoton 'yar sakandare irin wannan, hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika mata da takardar ƙorafi. Kowane karo salon ɗaya ne. Matan su ce ba a ɗaki kuke kallo ba, a bangon tasha kuka manna, a ƙasar da sai da aka ware wa mata taragu a jirgin ƙasa saboda masu lalube. Ɗaya ɓangaren su ce ga shi an dawo da farautar 1989. Tsoron nasu ba na banza ba ne, sun ga abin da aka yi musu. Amma tsohon rauni ba ya zama lasisin toshe kunne, balle ma da yawa daga cikin masu ƙorafin su ma masu kallon anime ne tun suna yara. A Yulin 2022 mai zanen Love Hina, Ken Akamatsu, ya ci kujerar majalisar dattawa da ƙuri'a sama da 500,000 a kan alkawarin kare 'yancin zane.

Wanda ke son ganin yadda harkar za ta iya kasancewa ya dubi Kyoto Animation. Yoko Hatta, wadda ta taɓa aikin shafa launi a kamfanin Tezuka, ita ta kafa shi a 1981 da matan auren unguwarsu. Ya girma yana biyan albashin wata maimakon biyan kowane zane, yana horar da nasa, yana ba mata jagoranci. A can Naoko Yamada ta yi K-On! a 2009 da Koe no Katachi a 2016. Ranar 18 ga Yulin 2019 wani mutum ya watsa fetur ya cinna wa ɗakin aikinsu wuta, bisa zargin an sace masa labari. Mutum 36 suka mutu, mafi yawansu mata. Da yawa a waje sai a ranar suka san hannun waɗanda ke zana abin da suke kallo.

A saman masana'antar kuwa tunanin bai gusa sosai ba. Studio Ghibli, kamfanin su Hayao Miyazaki, ya ba duniya San da Chihiro, 'yan matan da ba sa jiran mai ceto, amma a 2016 da jaridar Guardian ta tambayi tsohon furodusansa Yoshiaki Nishimura ko za a ga mace darakta, sai ya ce mata sun fi karkata ga zahirin rayuwa, maza kuwa ga mafarki, kuma mafarki ake buƙata a irin waɗannan finafinai. Ya nemi afuwa daga baya. Mai zanen Fullmetal Alchemist sunanta Hiromi Arakawa, amma Hiromu take sa wa a bangon littafi, suna mai kama da na maza. A 2019 aka tambayi kamfanin Shueisha ko mace za ta iya zama edita a Shonen Jump, amsar da ta fito ita ce aikin yana buƙatar wanda ya fahimci zuciyar yara maza. A wannan shekarar Rumiko Takahashi, mai Ranma da Inuyasha, ta cika shekara 41 tana zana wa yara maza a Shonen Sunday, abokiyar gasar Jump, kuma a watan Janairu bikin Angoulême na Faransa ya ba ta babbar lambarsa ta yabo.